Tarihi a Cikin Tukunya: Asalin Tuwo da Miya a Ƙasar Hausa

Gabatarwa

Littattafan tarihin ƙasar Hausa cike suke da labarin sarakuna da yaƙe-yaƙe da gina ganuwa, amma da wuya a sami shafi guda da ya tsaya a kan abin da sarakunan nan da talakawansu suke ci in almuru ta yi. Dalili kuwa a fili yake. Maza ne suka rubuta tarihi, mata kuwa su suka riƙe murhu, iliminsu kuma daga bakin uwa yake zuwa kunnen 'ya, bai bi ta alƙalami ba. Wannan ya sa da yawa suke zaton abincin gargajiya abu ne da aka gada yadda yake tun kaka da kakanni. Maƙasudin wannan lacca shi ne a nuna cewa tuwo ne ya daɗe a inda yake, miya kuwa ba ta taɓa daina karɓar baƙi ba, sa'an nan a duba inda baƙin wannan zamani suka bambanta da na da.

'Yan Gida

Gero da dawa su ne tushe. Masu binciken kufai sun gano shaidar noman gero a kwarin Tilemsi, cikin ƙasar Mali ta yau, wadda ta kai kimanin shekara 4,500. Dawa kuwa shaidarta mafi tsufa daga gabashin Sudan ta fito, ta kuma kai wajen shekara 5,000. Wake ma ɗan Afirka ta Yamma ne, haka gujjiya, haka jar shinkafar da aka fara nomawa a fadamun kogin Kwara. Sai dai in ban da wurare irin su Kabi, shinkafa a da abincin biki ce da salla, talaka bai saba ganinta kullum ba.

Yadda ake sarrafa hatsin ma tsoho ne. A surfa, a sheƙe dusa, a wanke, a niƙa a dutse ko a daka a turmi, a tankaɗe, a yi talge, a tuƙa da muciya. Lokacin da Ibn Battuta ya ratsa ƙasar Mali a 1352 zuwa 1353, ya ba da labarin wani abin sha da aka ba shi na dakakken hatsi da ruwa, wanda akan zuba wa zuma ko nono. Duk wanda ya san fura ya san danginta ne aka dama masa.

Miyar asali kuwa daga bishiya da bayan gida take fitowa: kuka, kuɓewa, kalkashi, yakuwa, da daddawa. Ita daddawa ta isa a tsaya a kanta, domin sana'a ce mai ilimi. Akan dafa kalwa, watau 'ya'yan ɗorawa, wuni guda har ta yi laushi, a sussuke ɓawon, a wanke, a sake dafawa, a rufe da ganye kwana biyu ko uku har ta ruɓa yadda ake so, kana a kirɓa, a dunƙula, a shanya. Abin da ya fito ba ɗanɗano kaɗai yake ba miya ba, yana ɗauke da sinadarin gina jiki mai yawa. A gidan da nama sai ran kasuwa, daddawa ce naman talaka.

Baƙin Hamada

Baƙi na farko ta arewa suka shigo, bisa raƙuma. Tarihin Kano ya ambata cewa a zamanin Sarki Yakubu, wanda aka ƙiyasta ya yi mulki daga 1452 zuwa 1463, Asbinawa suka zo Gobir, gishiri kuma ya yawaita a ƙasar Hausa. Kafin nan, da ma bayan nan a ƙauyuka, kanwa da ruwan toka da manda su ne abin dogaro. Wannan ciniki ya daɗe ƙwarai, don kuwa Heinrich Barth, Bajamushen da ya iso Kano a 1851, tare da ayarin gishirin Bilma ya gangaro daga Asbin.

Harshe kansa ya adana sawun waɗannan baƙi. Alkama, albasa, alkaki, gurasa, dashishi da kanumfari duk sunayensu daga Larabci suke. Alkama ba ta son damina, sai an yi mata ban-ruwa da sanyin hunturu, saboda haka ta yi tsada, ta zama abincin fada da gidajen attajirai. Shi ya sa alkaki da finkaso suka zauna a garar amarya da liyafar salla. Albasa ce ta fi sa'a, ta sami fadamu, ta sauko har tukunyar kowa.

Baƙin Teku

Sauyi mafi girma ya biyo bayan 1492, lokacin da jiragen Turawa suka haɗa nahiyar Amurka da sauran duniya. Masara, rogo, gyaɗa, dankali, gwanda, barkono da tumatir duk can ne asalinsu. Waɗansu sun hauro daga bakin teku ta hannun 'yan Fotugal, waɗansu kuma sun zagayo ta arewa da gabas, kamar yadda sunan masara yake nuni ga Masar. Ma'anar wannan ita ce Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya rasu a 1499, bai taɓa ɗanɗana barkono ba. Yajin fadarsa masoro ne da kimba da citta. Tuwon masara, ƙuli-ƙuli, kunun gyaɗa da ɗanwaken da aka haɗa da garin rogo duk bayansa suka zo.

Hausawa kan ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba, amma waɗannan baƙi sun ƙaryata karin maganar, domin sun kwana sun yi saiwa. Gyaɗa ta daɗe ana nomanta kaɗan-kaɗan, har hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911. Daga 1912 cinikinta ya bunƙasa, man gyaɗa ya wadata, ya shiga gaban man shanu da man kaɗe a wajen suya, matan aure kuma suka sami sana'ar matsar mai da tuyar ƙuli-ƙuli a cikin gidajensu. Tumatir shi ne auta. Sai a ƙarni na 20 ya bazu, musamman bayan da aka gama dam ɗin Tiga a 1974, noman rani ya kankama a Kadawa da Kura. Miyar dage-dage da yaran birni suke ɗauka gadon kakanni ce, ba ta kai miyar kuka ko kusa a shekaru ba.

Baƙin Kanti

Shekarun 1970 sun zo da abu biyu a haɗe: farin 1972 zuwa 1974 da ya karya manoma, da kuɗin man fetur da ya cika aljihun ma'aikata. Aka shiga shigo da farar shinkafa da alkamar fulawa daga waje, burodi da shayi suka fara ture koko da ƙosai da ɗumame a karin kumallon birane. Da kuɗin ya ja baya, gwamnati ta hana shigo da shinkafa a 1985, da alkama a 1987, amma baki ya riga ya saba, daga baya kuma aka janye hanin.

A wannan zamani ne dunƙulen Maggi, wanda aka fara yi a Turai a 1908, ya mamaye kasuwannin ƙauye da birni. Sauƙinsa ba abin musu ba ne: ba wari, ba daka, ga araha. Amma mafi yawan abin da ke cikinsa gishiri ne da sinadarin ɗanɗano. Matar da ta ajiye daddawa ta ɗauki dunƙule ta sami daɗin miya, ta rasa abin gina jikin 'ya'yanta, kuɗin da a da yake shiga hannun maƙwabciyarta mai daddawa kuma ya nufi kamfani. Bishiyar ɗorawa ita ma, da darajarta ta ragu, sai gatarin mai itace ya same ta.

Kammalawa

In aka jera waɗannan baƙi za a ga bambanci guda. Albasa da masara da gyaɗa da barkono iri suka zo da shi. Manomi ya shuka, matarsa ta sarrafa, suka zama 'yan gida. Baƙin kanti kuwa a ƙunshe suke zuwa, ba a shuka su, kullum sai an saya, farashinsu kuma ba a kasuwar ƙauye ake yanke shi ba. Ko baƙon da ya yi saiwa ma, dogara gare shi shi kaɗai hatsari ne. A 2016 wata tsutsa ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Katsina, farashi ya yi tashin gwauron zabo, gidajen da suka tsira da sauƙi su ne waɗanda ba su manta da kuka da busasshiyar kuɓewa ba.

Saboda haka akwai aiki a gaban ɗalibai da ma'aikata. Ɗalibin da zai rubuta kundi ya sani tsohuwar da ke yin daddawa a garinsu madogara ce ta tarihi kamar kowane tsohon littafi, in ta rasu kuma ba a kwafe ta ba, ta tafi da abinta. Ma'aikacin gona da na gandun daji su ma su sa ɗorawa da kuka da gero a lissafinsu, kamar yadda suke sa shinkafa da alkama. Ba a sake wa tuwo suna ba cikin ƙarnuka masu yawa, amma miyar da za a ci shi da ita nan gaba tana hannun waɗanda suke tsara abin da za a shuka yau.