Tarihin Tseren Motoci na Argungu

'Yan uwa mazauna Kudu kan tambaye ni, wai muna da tseren motoci a Arewa? Akwai, na Argungu, wanda ke tafiya tare da bikin kamun kifi. Bikin ya faro ne a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu. Daga baya aka shigo da motoci. Bayan na 2009 aka daina bikin, sai 2020 ya dawo. A shekarar, hukumar NADDC ƙarƙashin Jelani Aliyu ta tayar da motocin da aka haɗa a Najeriya daga Abuja har Argungu. Juriyar mota ake gwadawa. Duk direban da ya saba bin hanyar Lokoja zuwa Abaji ya san muhimmancin wannan gwajin.