Bariki a Akwatin Talbijin: Muhawara kan Nagarta da Naƙasun Wasan "Samanja Mazan Fama" daga Mahangar Garin Ma'aikata na Dutse

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin wasan kwaikwayon talbijin na Samanja Mazan Fama a matsayin wasan barkwanci da aka gina a kan wurin aiki. An ɗora nazarin a kan tambaya guda: shin aikin da taurari ke yi shi ne ke haifar da labari da raha, ko kuwa wurin aikin ado ne kawai? An kwatanta wasan da shirin Izzar So, aka kuma auna shi da wasan gauta na gargajiya da yanayin aikin gwamnati a Dutse. Maƙalar ta gano cewa ƙarfin Samanja yana cikin yadda ya tatso dariya daga tsarin muƙami da harshen bariki, rauninsa kuma yana cikin yadda dariyar ta kasa haura kan hafsoshi.

1.0 Gabatarwa

Masana adabin Hausa sun daɗe suna raba wasan kwaikwayo zuwa na gargajiya da na zamani, na zamanin kuma zuwa rubutacce da na dandamali da na rediyo da na talbijin. Ibrahim Yaro Yahaya ya bi tarihin rubutattun wasanni a Hausa a Rubuce (1988), Graham Furniss ya taɓo wasannin rediyo da talbijin a littafinsa na 1996 kan adabin Hausa, Abdalla Uba Adamu kuma ya yi dogon bincike kan finafinan bidiyo na Kano da tasirin Indiya a kansu. Wannan rabe-rabe ya dubi kafar da wasa ke bi ya isa ga jama'a. Akwai wani rabon da ya cancanci kulawa, wato na muhallin da labari ke gudana a cikinsa.

Idan aka bi wannan hanya, za a ga mafi yawan wasanninmu a tsakar gida suke zaune. Uwar Gulma da Jatau Na Kyallu a kan aure da zaman iyali suka tsayu, kuma har yau Gidan Badamasi na tashar Arewa24 bai bar wannan turba ba. Wasan da ya ɗauki wurin neman abinci ya mayar da shi dandalin labari, inda masu faɗa da juna abokan aiki ne ba kishiyoyi ba, bai da yawa. Fitaccen cikinsu shi ne Samanja.

2.0 Asalin Wasan da Zamaninsa

An fara Samanja a Kaduna a 1973, shekara 3 bayan ƙare yaƙin basasa. Tauraronsa, Usman Baba Pategi, an haife shi a 1942 a gidan sarautar Pategi da ke Jihar Kwara ta yanzu. Banufe ne, tsohon ma'aikacin gidan rediyon Kaduna, kuma soja na gaske wanda ya shiga fagen daga. Ya rasu a Kaduna ranar 12 ga Nuwamba, 2023. Lokacin da aka kafa hukumar NTA a 1977 ta karɓe gidajen talbijin na ƙasar, wasan ya koma ƙarƙashinta, daga baya kuma ya hau tashar ƙasa baki ɗaya, inda aka karkata harshensa zuwa ga Turancin buroka don masu kallo na Kudu.

Ba za a fahimci karɓuwar wasan ba sai an tuna yadda yaƙi ya kumbura rundunar soja. Kafin 1967 sojojin Nijeriya ba su wuce kimanin 10,000 ba. Zuwa 1970 sun kai wajen 250,000. Ke nan da wuya a sami gari a tsohuwar Jihar Kano, har da ƙasashen Dutse da Birnin Kudu da Jahun da ke cikinta a lokacin, wanda bai da ɗa a cikin kaki. Soja ne ke mulki tun 1966, soja ne maƙwabci, soja ne mai neman aure. Jama'a suna tsoronsa, suna kuma son sanin abin da ke bayan katangar bariki. Samanja ya buɗe masu ƙofar.

3.0 Nagartar Wasan

Babbar nagartar wasan ita ce zaɓen muƙamin tauraro. Samanja ba hafsa ba ne, ba kuma kurtu ba ne. Tsakiya yake: sama da shi masu anini da ke ba da umarni, ƙasa da shi kuratan da zai sa su aiwatar. Idan umarni ya zo a karkace ba shi da bakin musu, idan kurata suka yi shirme shi za a tuhuma. Duk wanda ya taɓa riƙe muƙamin babban akawu ko hedimasta ko shugabar ma'aikatan jinya ya san wannan matsi. Marubucin da ya zaunar da tauraronsa a irin wannan gurbi ba ya buƙatar ƙirƙiro mugu daga waje, domin tsarin aikin da kansa yana haifar da rikici kowace safiya. Fareti, horo, ladabtarwa, neman ƙarin girma, hamayya tsakanin masu igiya ɗaya: daga nan labari ke fitowa.

Masanin falsafa na Faransa Henri Bergson ya yi bayani a 1900 cewa mutane kan yi dariya idan suka ga ɗan'adam yana motsi tamkar inji, ya ƙi lanƙwasa inda rayuwa ke neman sassauci. Wannan ra'i ya dace da Samanja ƙwarai. Mutum ne da horon soja ya shige masa jini, har ya zama ba ya iya rabewa tsakanin filin fareti da zaman hira. Tsawa yake yi inda lallashi zai wadatar, yana ƙamewa inda kowa ya saki jiki. Mai kallo yana dariya, amma a ƙasan dariyar akwai tausayi, don ya gane aikin ne ya mayar da mutumin haka. Nan ne barkwanci ya haɗu da wasa mai nauyi.

Sai batun harshe, wanda ya fi komai jawo muhawara. Hausa ce harshen sadarwa a rundunar da Turawan mulkin mallaka suka kafa a Afirka ta Yamma, kuma bakunan Tibi da Angas da Barebari da sauran ƙabilu suka sarrafa ta har ta zama abin da ake kira Barikanci: ba ruwanta da jinsin namiji ko mace, ba ta damu da karin sauti ba, cike take da kalmomin umarni na Turanci. Samanja yana tsalle daga wannan Hausa zuwa buroka ya dawo a cikin numfashi guda. Masu suka suna ganin wannan ɓata harshe ne, har ma izgili ne ga waɗanda ba Hausawa ba. A ra'ayin wannan maƙala, sukar ba ta da ƙarfi. Na farko, mai yin wasan shi kansa ba Bahaushe ba ne, kuma ya yi aikin soja da kansa. Na biyu, kowane wurin aiki yana da karin harshensa, kuma wasan da ya sa sojan bariki yana zuba daidaitacciyar Hausa irin ta mai karanta labaran rediyo ya yi ƙarya tun daga jumlar farko. Illar da ta auku a zahiri ta zo ne daga baya, sa'ad da aka rinjayar da harshen zuwa buroka. Daɗin abin yana cikin karon harsunan biyu, da ɗaya ya danne ɗaya sai armashin ya ragu ga mai kallo Bahaushe.

4.0 Naƙasun Wasan

Kafin zuwan talbijin Hausawa suna da nasu wasan na kwaikwayon masu muƙami. A wasan gauta, matan fada kan yi shigar sarki da hakimai da fadawa, su kwaikwayi tafiyarsu da maganarsu da halayensu a gabansu, kowa ya ga aibinsa cikin raha. A kalankuwa ma samari kan naɗa gwamna da alƙali da ɗan sanda na wasa. Abin lura shi ne inda dariyar ta dosa: daga ƙasa take tashi ta nufi sama.

Idan aka ɗora Samanja a wannan ma'auni, sai a ga ya gaza. Galibin dariyarsa a kan samanjan kansa take sauka, ko a kan kurtu mai wauta, ko farar hula da bai san dokar bariki ba. Ta kan kai ƙofar ofishin hafsa ta tsaya. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: gidan talbijin na gwamnati ne, gwamnati kuma ta hafsoshi ce daga 1966 zuwa 1979, sannan daga ƙarshen 1983 zuwa 1999. Dokar soja mai lamba 4 ta 1984 ta kai 'yan jarida kurkuku saboda abin da suka rubuta kan jami'an gwamnati, kuma sai a 1992 aka ba 'yan kasuwa damar buɗe gidajen rediyo da talbijin. Babu adalci a nemi ɗan wasan da ke cin albashin hukuma ya yi abin da editoci suka kasa. Amma uzuri daban, sakamako daban. Sakamakon shi ne wasan ya nuna soja a matsayin mai ban dariya, mai zafin kai amma mai kyakkyawar zuciya, a daidai shekarun da sojoji suka buɗe wa ɗalibai wuta a Samarun Zariya lokacin zanga-zangar Afrilun 1978. Wanda ya ce wasan ya yi wa kaki kwalliya yana da hujja.

Kwatanci da waje zai ƙara fito da wannan. A 1972, shekara guda kafin Samanja, aka fara shirin M*A*S*H a Amurka, kan likitocin soja a yaƙin Koriya. Shi ma bariki ne, shi ma barkwanci ne gauraye da baƙin ciki, amma manyan hafsoshi da yaƙin kansa su ne abin zolaya, aka kuma ci gaba da nuna shi har 1983. A Ingila, Yes Minister na 1980 ya mayar da minista da babban sakatarensa abin dariya a tashar BBC. Abin da ya raba su da Samanja shi ne iyakar da hukuma ta shata, ba ƙwarewar 'yan wasa ba.

Akwai kuma rauni na zubi da tsari, ko da yake bai kai na farko nauyi ba. Kowane mako labari yakan tashi ya sauka a inda ya fara, halin tauraro ba ya sauyawa, kuma abin da ya faru jiya ba ya bin sa bashi yau.

5.0 Izzar So: Ofis a Matsayin Ado

Wanda zai yi tsammanin 'yancin da aka samu daga baya ya cike wannan giɓi zai sha mamaki. Izzar So, wanda Lawan Ahmad ya fara saki a YouTube a 2020 ƙarƙashin Bakori TV, marigayi Nura Mustapha Waye yana ba da umarni, a kan kamfani aka gina shi. Umar Hashim talaka ne mai gaskiya da ke aiki a kamfanin Alhaji Matawalle (Ali Nuhu), Nafisa (Aisha Najamu) kuma 'yar mai kamfani ce mai izza. Shirin ya yi abin da Samanja bai yi ba: labari mai dogon zango, taurari masu sauyawa, mata riƙe da muƙami, da fito da girman kan masu dukiya fili.

Sai dai a nan aikin ya ɓace. Akwai teburi da fayil da taron shugabanni, amma abin da ke tura labari gaba shi ne so da ƙiyayya da makirci da sirrin iyali. Kora da ƙarin girma makamai ne na rikicin zuciya. Da za a kwashe taurarin a mayar da su gidan gado, da kaɗan ne zai canza. Samanja kuwa, cire masa bariki, babu abin da zai rage. Ta fuskar tambayar da maƙalar nan ta aza, tsohon wasan ne ya yi nasara, duk da ƙarancin kayan aikinsa da takunkumin da ke bakinsa.

6.0 Abin da Dutse ke Nunawa

An ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991, aka mayar da Dutse babban birninta, aka kwaso ma'aikata daga Kano zuwa garin da bai shirya karɓarsu ba. A zamanin Gwamna Saminu Turaki (1999 zuwa 2007) aka rarraba ma'aikatu zuwa garuruwa irin su Haɗeja da Gumel da Kazaure da Ringim, ta yadda fayil guda kan yi tafiyar da mai shi bai taɓa yi ba. Sule Lamiɗo (2007 zuwa 2015) ya dawo da su Dutse, aka gina sabuwar sakatariya. A 2011 Jami'ar Tarayya ta Dutse ta ƙara yawan masu jiran ƙarshen wata. Gari ne da kasuwarsa ke numfashi da albashi: mai shago ya san ranar da alat ɗin albashi ke shiga, direban motar Kano ya san abin da yammacin Juma'a ke nufi, kuma sa'ad da aka ɗaga mafi ƙarancin albashi na ƙasa daga naira 30,000 zuwa 70,000 a 2024, zancen ya shafi mai kayan miya kamar yadda ya shafi darakta.

Duk kayan haɗin wasa irin na Samanja suna nan. Ga masinjan da ya fi kowa sanin inda fayil ya kwana, ga babban sakataren da ya ga kwamishinoni sun zo sun tafi, ga tantance ma'aikata, ga jiran takardar ƙarin girma, ga mataimakin darakta da ke tsakiya yana shan matsi daga sama da ƙasa, wanda shi ne samanjan farar hula. Kwana Casa'in, wanda Arewa24 ta fara a 2019, ya leƙa gidan gwamnati da asibiti da gidan jarida a ƙagaggiyar Jihar Alfawa, ya kuma kai suka ga manya, amma siyasar zaɓe ce jigonsa, ba rayuwar ma'aikaci ta yau da gobe ba.

Saboda haka wannan maƙala tana kira ga sassan nazarin harshe da na aikin jarida a manyan makarantun Jigawa da su nemi haɗin kan NTA Kaduna a tattaro faya-fayan Samanja, a mayar da su tsarin kwamfuta domin ɗalibai su yi nazarin harshensu da tsarinsu kashi-kashi. Gidan talbijin na jihar da marubutan Dutse kuma su gwada wasan sakatariya, da sharaɗin a bar dariyar ta hau bene har ofishin kwamishina.