Harshe da zaman tare a Jami'ar Yamai: waiwaye kan tarihi

Kafin 1971, ɗan Nijar mai bakaloriya sai ya fita Dakar, Abijan ko Faransa in yana son ƙarin karatu. A shekarar ne aka buɗe cibiyar karatu mai zurfi a Yamai, wadda ta zama jami'a a 1973, aka kuma sa mata sunan Abdu Mumuni a 1992. Mazauninta Harobanda, wato "bayan ruwa" da Zabarmanci, ƙetaren gadar Kennedy. Can ɗan Damagaram da ɗan Agadas da ɗan Tilaberi suka haɗu a ɗakin kwana guda.

Da wane harshe suka zauna tare? Amsar da aka saba bayarwa ita ce Faransanci. Akwai gaskiya a ciki: da shi ake muhawara a tarukan ƙungiyar USN, kuma ɗaliban da suka hau gadar ranar 9 ga Fabrairu 1990, inda aka harbe uku har lahira, ba da sunan wata ƙabila suka fito ba. Amma a ganinmu amsar ta taƙaita. Faransanci ya riƙe aji da taro. Hira, ciniki da neman bashi kuwa da Hausa da Zabarmanci ake yi, sai barkwancin gado, irin na Fulani da Barebari ko na Zabarmawa da Buzaye, wanda ke ba baƙo damar tsokanar baƙo ba tare da faɗa ba.

Sai dai nauyin bai rabu daidai ba. Bahaushe yana iya ƙare karatunsa bai iya gaisuwa da Tubanci ko Gurmanci ba, alhali mai waɗannan harsuna tilas ya koyi na wasu. Wannan shi muke kira fahimtar juna, amma ɓangare guda ke biyan kuɗinta. Abdu Mumuni kansa, tun a littafinsa na 1964 kan ilimi a Afirka, ya nemi a koyar da harsunan gida.

A 2010 aka kafa jami'o'i a Maraɗi, Tawa da Damagaram, dukansu cikin ƙasar Hausa. Ɗalibi Bahaushe yana iya samun lisansi a can bai taɓa zama inda harshensa ba shi ne na kasuwa ba.