Ƙwallo 44 da Turai Ta Ƙi Yarda da Su

Kakar 1986/87 ta Divizia A, babbar gasar ƙwallon ƙafa ta Romaniya, ta bar mana tarihi guda biyu. Ƙungiyar Steaua ta buga wasa 34 ba a doke ta ko sau ɗaya ba, ta ɗauke kofin. Rodion Kamataru na Dinamo kuma ya zura ƙwallo 44, fiye da kowa a Turai. Amma idan aka ambaci kakar a yau, zargi ne ke fara zuwa bakin mutane kafin yabo.

Ba za mu gane dalili ba sai mun dubi masu ƙungiyoyin. A zamanin mulkin kama-karya na Nikolai Cawshesku, Steaua ta sojoji ce, kuma ɗan shugaban ƙasa, Valentin, na tsaye a bayanta. Dinamo ta ma'aikatar cikin gida ce, wadda 'yan sanda da jami'an leƙen asiri ke ƙarƙashinta. Hatta Scornicesti, ƙauyen da aka haifi shugaban, yana da ƙungiya a babban rukuni. A lokacin ana rabon abinci da ƙayyade wutar lantarki don a biya bashin waje, don haka gwamnati na matuƙar bukatar abin da za ta yi tutiya da shi.

Ƙarfin Steaua dai ba tatsuniya ba ne. A watan Mayun 1986 ta doke Barcelona a birnin Sebiya ta ɗauki kofin Turai, inda mai tsaron gidanta Helmuth Duckadam ya tare bugun fenareti huɗu. A Fabrairun 1987 aka ɗauko Gheorghe Hagi daga Sportul Studentesc, ya ci ƙwallo ɗaya tilo da ta ba su Super Cup a kan Dinamo Kiyeb. Daga nan bai koma tsohuwar ƙungiyarsa ba.

Da kofin gida ya kuɓuce wa Dinamo, sai hankali ya koma kan Takalmin Zinare na Turai. Toni Polster na Ostiriya ya gama da ƙwallo 39. Kamataru kuwa ya ci 20 a wasanni shida na ƙarshe, wato sama da uku a kowane wasa. Aka yi ta zargin cewa 'yan bayan wasu ƙungiyoyi sun buɗe masa hanya bisa umarni daga sama. Polster ya ƙi halartar bikin ba da kyautar.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. An harbe Cawshesku a ranar 25 ga Disamba 1989, aka rusa ƙungiyar ƙauyensa, daga baya kuma aka miƙa wa Polster nasa takalmin.

Abin da ya kamata mu lura da shi shi ne waɗanda suka yi asara. Kamataru gwani ne tun yana Universitatea Craiova, wadda ta kai wasan kusa da na ƙarshe na kofin UEFA a 1983, amma da wannan kaka kaɗai ake tuna shi. Ita ma Steaua, da ta jera wasa 104 na gida ba a doke ta ba tsakanin 1986 da 1989, har yau ana tambayar nawa ne guminta, nawa ne tsoron masu mulki. Mahukunta sun nemi a girmama ƙasarsu, sai suka bar wa 'yan wasansu tabon da ba su suka jawo shi ba.