GIRKIN KAKA A ƘASAR ABUJA: DAGA ZAMANIN ABU JA ZUWA YAU

Duk wanda ya leƙa kasuwar Gwagwalada, ko Kwali, ko Kuje a 'yan kwanakin nan ya ga alama: doya tsibi-tsibi, kabewa jibge a ƙasa, sabon wake da gyaɗa a tiya, ga rake an jingine. Bari mu waiwaya mu ga yadda wannan abinci ya haɗu a tukunya ɗaya a ƙasar nan, domin yana da tarihi mai tsawo.

A farkon ƙarni na 19, bayan jihadi ya ci Zariya, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya yi kudu da jama'arsa, ya sauka wajajen Zuba. An kashe shi a yaƙi kusa da Lapai a 1825, sai ɗan'uwansa Abu Ja ya gaje shi, ya kafa gari a 1828, garin ya ci sunansa. Wannan ita ce tsohuwar Abuja, wadda a yau muke kira Suleja a jihar Neja. Malam Hassan da Malam Shu'aibu Na'ibi sun rubuta tarihin masarautar da al'adunta, aka buga fassarar Turanci a 1952.

Zazzagawan da suka zo mutanen dawa da gero ne, tuwo da fura suka sani. Sai suka tarar da Gbagyi, da Koro, da Gade, da Gwandara, da Bassa, manoman doya da dawa. Ƙasar ma ta bambanta da wadda suka baro. A nan ruwa kan sauka tun watan Afrilu, ba ya ɗaukewa sai ƙarshen Oktoba, alhali a Kano da Katsina damina ba ta cika wuce wata huɗu ba. Shi ya sa kakar Abuja take jinkiri. Lokacin da Bakatsine ya gama ɗaure damin geronsa a Satumba, dawar nan ba ta ko nuna ba, sai Nuwamba zuwa Disamba ake yanke ta. Babban tonon doya ma a wannan tsakani yake faɗowa. Zama wuri ɗaya ya sa sakwara da faten doya suka shiga madafar Bahaushiyar Abuja, suka zauna kusa da tuwon dawa da miyar kuka.

Kayan da muke gani a tukunyar kaka ba duka ne 'yan asalin ƙasar nan ba. Gero, dawa, wake, gurjiya, acca da farar doya a Afirka aka fara noma su, shekaru dubbai da suka wuce. Masara kuwa, da rogo, da gyaɗa, da dankali, da barkono, da tumatir, da kabewa, daga nahiyar Amurka suka fito, ba su iso Afirka ba sai bayan shekarar 1492. Ke nan miyar taushe da muke ɗauka gadon kaka da kakanni ta haɗa baƙi da 'yan gida: kabewa da gyaɗa da barkono baƙi ne, yakuwa da daddawa 'yan gida. Gyaɗa ta ƙara samun gindin zama bayan jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, manoma suka duƙufa nomanta don sayarwa. Man gyaɗa, ƙuli-ƙuli da kunun gyaɗa suka wadata a gidaje, mata da yawa suka riƙe matsar mai a matsayin sana'a.

Kaka lokacin ƙoshi ce, amma ba ta barin mutum ya zauna. Maza na yankan dawa da ɗaurin dami da ɗauko amfani zuwa gida, mata da yara na roron wake da tsinkar gyaɗa, ga sussuka da sheƙa da surfe na jira a tsakar gida. In mai gona ya kira gayya, matan gidansa ne za su ciyar da kowa. Saboda haka girkin kaka ya kasu biyu. Akwai na gaggawa wanda ake ci a bakin aiki: tumu, wato zangarniyar sabon gero da ake babbakawa a murje a tafin hannu, dafaffiyar gyaɗa da gurjiya, gasasshen dankali ko doya da ake tsomawa a mai da yaji, ɗanwake, da fura da ake kai wa gona a ƙwarya. Yara kuma su kamo fara a soya musu da gishiri da barkono. Akwai kuma na dare, bayan an dawo: tuwon sabuwar dawa da miyar ɗanyar kuɓewa, ko taushe, ko faten tsaki da yakuwa da rama. Abin da ya kwana a yi ɗumame da safe, wanda ba abin da ya kai shi daɗi in sanyin hunturu ya fara busawa.

Babban aikin mata a kaka shi ne tanadi. Ana yanka kuɓewa a shanya a daka, ana busar da zogale, rama, tafasa da barkono, ana ɓare zoɓo a shanya a kan tabarma. Wannan shi zai riƙe miya har ruwa ya sake sauka. Maza kuma su cika rumbu, bayan an fitar da zakka, dami ɗaya cikin goma ga amfanin da ruwan sama ya shayar. A gidajen gandu da yawa, maigida kan liƙe babban rumbu, ba a buɗe shi sai damina, lokacin da aiki ya yi tsanani hatsi kuma ya yi tsada. Dalili a fili yake: mutanen da suka ga yunwar 1913 zuwa 1914, wadda aka yi wa laƙabi da Kakalaba, da fārin 1973, sun san cewa ba a fafe gora ranar tafiya. A kakar ne kuma ake biyan bashi, a yi auren 'ya'ya, a yi dambe da kokawa, sannan masu tafiya ci-rani su ɗaura kaya.

Ba za a yi zancen girki a ƙasar Abuja a bar tukunya ba. Matan Gbagyi sun shahara da ginin tukwane, da randa da tulu, da hannu kawai suke ginawa. Ladi Kwali, wadda hotonta yake a bayan takardar naira 20, daga cikinsu ta fito. A 1954 ta shiga cibiyar koyon ginin tukwane da Bature Michael Cardew ya buɗe a tsohuwar Abuja, ta kai sana'ar har Ingila da Amurka, ta rasu a 1984. A irin wannan tukunyar ƙasa iyayenmu suka dafa wake da miya, kan murhu mai duwatsu uku, kafin tukunyar dalma da risho da gas su zo.

Babban sauyi ya zo ne a watan Fabrairun 1976, lokacin da gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta kafa Babban Birnin Tarayya. Sabon birni ya karɓi sunan Abuja, tsohon gari ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Ranar 12 ga Disamba, 1991, fadar gwamnati ta baro Legas. Daga nan gonakin Garki, Wuse, Maitama da Asokoro suka zama tituna da ofisoshi, aka tashi ƙauyuka da dama, kuma har yau gine-gine na cin gonaki a gefen Lugbe, Kubwa da Karshi. Hausawa daga Kano, Katsina, Sakkwato, Zariya har da Maraɗi suka kwararo, kowa da irin girkin garinsu. Amma yawancinmu a nan ba mu da rumbu, mudu muke awo. Kakar ma'aikaci da ɗan kasuwa ta zama hidimar ƙarshen shekara: bukukuwa a jere, cunkoso a hanyar Nyanya da Zuba, a dawo gida a gajiye a dafa taliya ko Indomie.

Abin da ke neman ɓacewa shi ne ilimin tanadi, kuma yanzu ne aka fi bukatarsa. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024, kamar yadda hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta bayyana. Rashin tsaro ya hana manoma da yawa a Neja, Kaduna da wasu ƙauyukan Bwari da Abaji zuwa gona. Duk da haka tsarin bai sauya ba: hatsi da wake sun fi araha a kaka, sun fi tsada a tsakiyar damina. Wanda ya samu hali ya sayi buhu yanzu, ko maƙwabta su haɗa kuɗi su raba, ya yi abin da kakanninsa suke yi da rumbu.

Sai dai a kula da abu biyu. Gyaɗa da masara in ba su bushe sosai ba suna yin fumfuna mai guba da ke lalata hanta, don haka a tsince masu ɗaci da waɗanda suka sauya kala a zubar. Wake kuma kada a barbaɗa masa maganin ƙwari. Irin wannan ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015. Jarka mai murfi da aka cika ta dam aka toshe, ko buhu mai leda biyu a ciki, sun isa su kashe ƙwaro ba tare da guba ba.

Iyaye mata, ku ja 'ya'yanku kusa da murhu a wannan kakar. Yarinyar da aka haifa a Gwarinpa ko Mararaba ta san yadda ake talge, ta iya bambanta yakuwa da rama, ta ga yadda ake shanya kuɓewa ko da a kan faifai ne a bayan ɗaki. Allah Ya sa albarka a abin da aka girbe, Ya kai mu wata kakar lafiya.