Ɗakin Gwaji da Allon Alli: Yadda Muka Koyar da Fiziks a Kudancin Kaduna

Fiziks ya shigo makarantunmu a makare. Mishan ɗin SIM da na Katolika, waɗanda suka kafa makarantu a Kagoro, Kwoi, Zonkwa da Fadan Kaje, malaman firamare da masu wa'azi da ma'aikatan jinya suka fi neman horarwa, don haka kimiyyar da aka fara koyarwa ta tsaya a kan tsabtar jiki, aikin gona da ɗan bayani kan tsirrai da dabbobi. Yaron Kagoma da ke son fiziks sosai a wancan zamani sai ya yi nisa da gida, ya tafi Zariya ko Kaduna ko Keffi. An kafa hukumar jarrabawa ta WAEC a 1952, ƙungiyar malaman kimiyya ta ƙasa, STAN, ta biyo baya a 1957, amma kafin tasirinsu ya iso ajujuwan ƙasar Jama'a an ɗauki lokaci.

Zamanin da nake tunawa da idona shi ne shekarun 1970, bayan gwamnati ta karɓi makarantun mishan kuma kuɗin man fetur ya shigo. Malamanmu na kimiyya galibi baƙi ne: 'yan Indiya, 'yan Pakistan, 'yan Ghana, sai masu yi wa ƙasa hidima da aka fara turowa daga 1973. Littattafan kuwa na Ingila ne, na Abbott da na Nelkon, masu nauyi, cike da misalan ƙanƙara da bututun ɗumama ɗaki waɗanda babu ɗayanmu da ya taɓa gani. Duk da haka, abin da ya riƙe darasin a lokacin shi ne ɗakin gwaji. Jadawalin mako yana ware awa biyu a jere don firaktikal, kuma ba a taɓa su. Ana raba mu huɗu-huɗu ko biyar-biyar, a ba kowace ƙungiya zare da ƙwallon ƙarfe da agogon awo, a ce ku ƙirga lilo ashirin, ku rubuta lokaci, ku rage tsawon zaren, ku sake. Wanda ya taɓa ganin yadda zare mai tsawon mita ɗaya ke ɗaukar kusan daƙiƙa biyu kafin ya je ya dawo, ko ƙwallon mai nauyi ce ko marar nauyi, ba ya bukatar a roƙe shi ya yarda da abin da ke cikin littafi.

Akwai wani mutum da tarihin koyar da kimiyya ke yawan mantawa da shi: mai kula da ɗakin gwaji. Shi ke riƙe makulli, shi ke goge gilasai, shi ke cika batir da ruwa, shi ya san wace amita ce allurarta ke makalewa sai an ɗan ƙwanƙwasa ta. Kafin malami ya shigo ya jera kaya a kan kowane tebur, bayan an tashi ya ƙirga su. Yawancinsu ba su yi karatu mai zurfi ba, amma na ga sabon malami mai digiri yana tsaye a gefen irin wannan dattijo yana koyon yadda ake haɗa waya a gadar awon turjiyar lantarki. Sa'ad da waɗannan mutane suka yi ritaya ba a maye gurbin da yawa daga cikinsu ba, kuma a ganina daga nan ɗakunan gwajinmu suka fara mutuwa, tun kafin kayan su ƙare.

A ƙarshen shekarun 1970 aka yi ƙoƙarin samar da malamai 'yan gida. An buɗe kwalejin horar da malamai a Kafanchan a 1977, wadda daga baya ta zauna a Gidan Waya. A shekarar ce kuma jihar Kano ta buɗe makarantun kimiyya na musamman a Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, inda ake zaɓen yara da jarrabawa a tara su wuri ɗaya da malamai da kayan aiki. Mun riƙa jin labarin sakamakonsu muna sha'awa, domin sun nuna cewa ɗan Arewa ba ya tsoron fiziks idan aka ba shi abin taɓawa. Bukatar malaman gida ta fito fili a 1983, lokacin da aka kori baƙi marasa takardu, 'yan Ghana da yawa suka tafi. Sauran baƙin ma sun riƙa zarewa da darajar naira ta faɗi bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986. Makarantu da dama suka wayi gari da malamin lissafi ko na kemistiri yana riƙe da fiziks, yana karanta babi da dare yana koyar da shi da safe.

A tsakiyar wannan aka sauya tsarin karatu zuwa 6-3-3-4, wanda ya fara aiki a 1982, ɗaliban farko suka rubuta sabuwar jarrabawar kammala sakandare a 1988. A takarda tsarin yana da kyau: yaro ya fara da haɗaɗɗiyar kimiyya da gabatarwar fasaha a ƙaramar sakandare, sa'an nan ya shiga fiziks da hannu a sake. Gwamnatin tarayya ta sayo injinan koyar da fasaha daga ƙasashen gabashin Turai, aka rarraba wa makarantu. A wurare da yawa babu wutar da za ta juya su, babu ɗakin da za a kafa su, babu wanda aka koya wa sarrafa su. Na koyar a wata makaranta inda akwatunan suka shekara da shekaru a baranda ba a buɗe ba, gara ta ci katakon, ruwan damina ya gama da abin da ke ciki. Amfani ɗaya da na tabbatar wancan zamani ya kawo shi ne littattafan gida. Littafin Okeke da Anyakoha, da wanda Anyakoha ya rubuta shi kaɗai daga baya, sun bi manhajarmu babi-babi, kuma kuɗinsu bai fi ƙarfin iyaye ba kamar na Ingila.

Daga nan muka shiga zamanin da a tarurrukan STAN ake ta wa'azin ƙirƙiro kayan aiki daga abin da ke kusa. Mu a nan ba mu jira wa'azi ba, dole ce ta sa. Mukan fasa tsohon batir ɗin tocila mu ciro baƙin sandan da ke tsakiya. Wayar tsohon dutsen guga na lantarki ta zama wayar awon turjiya. Sirinjin da aka toshe bakinsa ya nuna yadda iska ke matsuwa idan an danna ta. Siririn tiyon da magina ke zuba wa ruwa don daidaita gini ya koyar da matsin ruwa fiye da kowane zane a allo. Gwangwanin madara da ɗan huda da takarda mai maiƙo sun ba mu kyamarar da ke juya hoton bishiya kai ƙasa, kuma ban taɓa ganin ajin da bai yi ihu ba idan ya fara ganin wannan.

Ƙasar nan tamu ma ɗakin gwaji ce ga malamin da ya buɗe ido. Littafin Ingila yana cewa ana barin ɗan rata tsakanin ƙarafan hanyar jirgin ƙasa domin ƙarfe yana miƙewa da zafi. Yaron da ke da Kafanchan kusa, mahaɗar jiragen ƙasa tun ƙarshen shekarun 1920, yana iya zuwa ya sa yatsa a cikin wannan ratar. Ruwan Matsirga da ke zubowa daga kan dutse ya isa misalin yadda ƙarfin da ke ajiye a tudu ke komawa gudu, daga nan kuma sai a kai yara ga labarin wutar NESCO da ake samarwa da ruwan Kurra a Filato. Masu shanya citta sun san rana da iska da faɗin shimfiɗa ne ke busar da ita, saura kawai a ba abin suna a auna shi. Randa tana sanyaya ruwa domin zufar da take fitarwa tana ɗauke zafi, kuma da wannan ilimin ne Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yaɗa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi don adana kayan miya, har ya sami kyautar Rolex a 2000. Wanda na fi so duka shi ne darasin ruɓewar ƙwayoyin zarra. Yara suna ɗaukarsa abu ne na Amurka da Rasha, sai ka gaya musu cewa da irin wannan awo, na sinadarin kabon da rabinsa ke ƙarewa cikin kimanin shekara 5,730, aka gano cewa mutum-mutumin yumɓu na Nok, nan kusa da Kwoi, sun haura shekara dubu biyu. Ajin yakan yi tsit, domin maganar ta zo ƙofar gida.

Yanayi ma sai malami ya san shi. Gwajin goga biro a gashi ya ɗauki guntun takarda ba ya tashi a watan Agusta, lokacin da iskar Kagoma ke cike da danshi. Ka bar shi zuwa hunturu, a lokacin har rigar sanyi tana tartsatsi idan an cire ta da dare. Malamin da ya bi jerin manhaja ido rufe yakan tsaya gaban aji yana goga abu a banza, yaran su tafi da tunanin cewa fiziks tatsuniya ce. Ranar 29 ga Maris 2006, da aka yi husufin rana wanda ya rufe ta gaba ɗaya a wajajen Gusau da Katsina, mu kuma ya cinye mafi yawanta, makarantun da malamansu suka shirya sun fito da yara da kwali mai huda, suna kallon siffar rana a ƙasa kamar jinjirin wata. Wasu makarantun kuwa an kulle yara a aji don tsoro.

Sai dai dole in faɗi gaskiya a kan ƙirƙirar nan da ake yabonmu da ita. Tana nuna wa yaro cewa abu yana faruwa, amma ba ta cika nuna masa nawa ne ba, alhali fiziks ilimin nawa ne. Ba za ka ƙera amita mai gaskiya da gwangwani ba. Ba za ka sassaƙa gilashi mai kusurwa uku da zai raba haske daidai ba. Na sha jin manya suna yaba ƙwazon malamai a wurin taro, yabon kuma ya zama hujjar ƙin sayen kaya. Akwai cibiyar ƙera kayan kimiyya ta gwamnatin tarayya a Minna, ba nisa ba ne, kuma kayan da jarrabawa ke nema ba su da yawa: rula mai mita ɗaya, ma'aunai, zare, agogo, gilasai, allurai, batir, waya.

Jarrabawar ce ma ta sauya fuskar aikin fiye da komai. Takardar firaktikal ta WAEC, haka ta NECO da ta fara a 2000, tana zuwa da tambaya uku, galibi ɗaya kan motsi da nauyi, ɗaya kan haske, ɗaya kan lantarki, ɗalibi ya zaɓi biyu. Kafin ranar ana aiko wa makaranta jerin kayan da za ta tanada. A makarantu da yawa wannan takarda ita ce ke buɗe ɗakin gwaji sau ɗaya a shekara. Shugaban makaranta ya nemo kuɗi, malami ya hau mota zuwa Kafanchan ko Jos ya sayo ko ya aro, a tara 'yan ajin ƙarshe mako biyu a nuna musu abin da ya kamata su fara taɓawa tun ajin farko. Sun haddace jimlolin kariya daga kuskure, irin su na kalli ma'auni kai tsaye, na rufe taga saboda iska, suna rubutawa ko da ɗakin ba shi da taga. Mafi muni shi ne gyaran lamba. Yaro ya san amsar jan ƙasa kusan 9.8 ce, don haka idan awonsa ya ba shi 11 sai ya goge ya shirya lambobin da za su kwanta a kan layi. Wannan ya fi rashin kaya ciwo a wurina, domin 11 ɗin da ya samu da hannunsa ita ce darasin: a zauna a binciko ko ƙirgar ce ta kauce, ko daga inda ya auna zaren. Nakan ba da maki mai kyau ga wanda ya kawo mini lamba karkatacciya da bayanin dalilinta, kuma yara sukan ɗauki zango guda kafin su yarda da gaske nake.

Yanzu wayar hannu ta shigo. A cikinta akwai agogon awo da ya fi wanda muka yi amfani da shi, akwai kyamarar da ke rage gudun abu har a ga faɗuwar dutse daki-daki, akwai kuma gwaje-gwajen kwamfuta na PhET da jami'ar Colorado ta Amurka ke bayarwa kyauta tun 2002. Matasan malamai da ke fitowa daga Gidan Waya sun fi mu iya waɗannan, kuma ina murna da hakan. Abin da nake gaya musu shi ne kada allon kwamfuta ya riga hannu. A kwamfuta wayar lantarki ba ta tsatsa, batir ba ya mutuwa, amsa kullum tana fitowa daidai, yaron da ya saba da haka zai rikice ranar da ya tsaya gaban waya ta gaske. Ga kuma faifan sola da ke kan rufin shaguna da coci-coci da masallatai daga Fadan Kagoma har Kafanchan. Masu haɗa su, da yawa tsofaffin ɗalibanmu ne, suna yawo da mitar awon lantarki a aljihu, suna jera batura a jere ko a gefe da gefe kowace rana. Wani malami da na sani yakan gayyato ɗaya daga cikinsu ajin SS 2 sau ɗaya a zango, ya zo da faifai da batir da mita, a fita fili, yara su karkata faifan zuwa rana su kuma kawar da shi, suna rubuta abin da mitar ta nuna.