Toshewar Jijiyoyin Jini na Ƙafa: Alamominta da Hanyoyin Magance Ta

Gabatarwa

Da yawa daga cikin dattawanmu kan yi kukan cewa idan sun ɗauki hanyar kasuwa ko gona, tafiya kaɗan za su yi sai sharaɓarsu ta ɗaure da ciwo, dole su tsaya su huta, sa'annan ciwon ya sake su. Akasari akan jingina wannan ga tsufa ko sanyin ƙashi, a nemi man shafawa a ci gaba da harka. Mun shirya wannan bayani ne domin jama'a su san cewa irin wannan ciwo sau da yawa alama ce ta toshewar jijiyoyin da ke kai jini ƙafa, cutar da ta kama fiye da mutum miliyan 200 a duniya. Idan aka gano ta da wuri akan shawo kanta, idan kuwa aka yi sakaci tana iya kaiwa ga yanke ƙafa.

Yadda cutar take

Zuciya tana tura jini zuwa ƙafafu ta manyan jijiyoyi da suka bi ta ciki da cinya da bayan gwiwa har zuwa yatsu. Da tafiyar shekaru, kitse da wasu abubuwa kan taru a jikin bangon waɗannan jijiyoyi, su yi tauri, hanyar ta tsuke. Lokacin da mutum yake zaune, ɗan jinin da ke wucewa ya ishi ƙafar. Da zarar ya fara tafiya sai tsoka ta buƙaci jini mai yawa, ta kasa samu, shi ne ciwon da ake ji. A jikin doki aka fara bayyana wannan ɗingishi, inda wani likitan dabbobi na Faransa mai suna Bouley ya rubuta bayaninsa a 1831, kafin likita Charcot ya bayyana shi a jikin ɗan Adam a 1858.

Kitsen da ya toshe jijiyar ƙafa shi ne kuma yake toshe ta zuciya da ta ƙwaƙwalwa. Saboda haka mai wannan cuta yana cikin haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki fiye da sauran mutane, kuma waɗannan su ne suka fi yin ajalin masu ita.

Waɗanda ta fi kamawa

Shan taba da ciwon suga su ne kan gaba wajen jawo ta. Sai hawan jini, da yawan kitse a jini, da ciwon ƙoda mai daɗewa. Ta fi yawa ga waɗanda suka haura shekara 65, amma mai shan taba ko mai ciwon suga tana iya kama shi tun yana ɗan shekara 50 ko ma ƙasa da haka. Maza da mata duk tana kama su.

Alamomi

Babbar alama ita ce ciwo ko ɗaurewa ko gajiyar tsoka a sharaɓa, wani lokaci a cinya ko mazaunai, wanda tafiya ke tayarwa, hutu ya kwantar da shi cikin minti goma ko ƙasa da haka, kuma yakan dawo idan an sake yin tafiya mai nisan ta farko. Wannan ya bambanta da ciwon gwiwa na sanyin ƙashi, wanda yake zaune a gaɓa kuma yakan taso tun daga takun farko. Ya kuma bambanta da ciwon jijiyoyin da ke mayar da jini zuciya, wanda kumburin ƙafa ne ya fi bayyana shi.

Sauran alamomin sun haɗa da:
- ƙafa ɗaya ta fi ɗaya sanyi idan an taɓa;
- zubewar gashin ƙwauri, da fata ta yi santsi tana sheƙi;
- farce ya yi kauri, ya rage saurin fitowa;
- tafin ƙafa ya koɗe idan an ɗaga ta sama;
- raunin mazakuta, idan toshewar tana manyan jijiyoyin ƙugu.

Mutane da yawa ba sa jin komai. Wannan ya fi faruwa ga masu ciwon suga, domin sugan kan kashe jijiyoyin da ke sa a ji zafi, har ƙaya ko ƙusa ta soki mutum bai sani ba.

Idan cutar ta yi nisa, ciwon ba ya jiran tafiya. Yakan taso da dare a yatsu da tafin ƙafa, ya hana barci, har sai mutum ya sauko da ƙafarsa ƙasa daga kan gado kafin ya ji sauƙi. Gyambo kan fito a yatsa ko diddige ya ƙi warkewa fiye da mako biyu, ko yatsa ya yi baƙi ya bushe. Wanda ya kai wannan mataki ƙafarsa tana cikin haɗari, kuma ya kamata likita ya gan shi cikin kwanaki.

Alamar gaggawa

Idan ƙafa ta kama ciwo mai tsanani farat ɗaya, ta yi sanyi ƙalau, ta koɗe, ta mutu ko ta kasa motsi, to gudan jini ne ya rufe hanyar gaba ɗaya. Tsoka tana fara mutuwa cikin kimanin sa'o'i 6. A garzaya da majinyaci babban asibiti nan take, ko da dare ne, kada a tsaya gasa ƙafar ko yi mata tausa.

Yadda ake gano ta

Likita zai taɓa bugun jijiya a makwankwaso da bayan gwiwa da idon sawu da bayan ƙafa. Sa'annan akwai gwaji mai sauƙi wanda ba a huda jiki: a auna ƙarfin jini a idon sawu da kuma a damtse, a raba na farko da na biyu. Sakamako daga 1.0 zuwa 1.4 lafiya ne, 0.9 ko ƙasa da haka kuwa yana nuna toshewa. Idan ya haura 1.4, jijiyoyin sun yi tauri ƙwarai, kamar yadda ake gani ga masu ciwon suga, sai a auna a babban yatsan ƙafa. Idan ana tunanin yin aiki, akan ɗauki hoton jijiyoyin domin a ga daidai inda suka toshe.

Magani

Mataki na farko shi ne barin taba gaba ɗaya, sigari ce ko shisha. Babu maganin da zai yi tasiri sosai ga wanda bai bar ta ba.

Na biyu shi ne tafiyar ƙafa, duk da cewa ita ce ke tayar da ciwon. Ƙa'idar ita ce a yi tafiya har ciwon ya fara ƙarfi, a tsaya ya lafa, a ci gaba, na tsawon minti 30 zuwa 45, aƙalla sau uku a mako, har mako 12 ko fiye. Wannan yana koya wa tsoka yin aiki da ɗan jinin da take samu, kuma akasarin waɗanda suka jure sukan ga nisan tafiyarsu ya ƙaru. Mai gyambo a ƙafa ko mai ciwon zuciya ya nemi shawarar likita kafin ya fara.

Na uku magunguna ne. Likita kan rubuta maganin rage kitsen jini na rukunin statin, da asfirin ƙaramin awo ko clopidogrel domin hana jini daskarewa, tare da daidaita hawan jini da suga. Akwai kuma cilostazol da ke ƙara nisan tafiya, amma ba a ba mai raunin zuciya. Muna jan hankalin jama'a kada su sayi waɗannan a kemis da kansu, domin asfirin yana iya haddasa zubar jini a ciki, musamman ga mai gyambon ciki.

Idan waɗannan ba su wadatar ba, ko ƙafa tana cikin haɗari, akwai aiki iri biyu. Na ɗaya, a zura siririn bututu cikin jijiyar a buɗe wurin da ya tsuke da ɗan balan-balan, wani lokaci a bar ƙarfen raga a ciki ya riƙe ta. Likita Charles Dotter na Amurka ne ya fara buɗe jijiya da bututu a 1964, a ƙafar wata tsohuwa 'yar shekara 82 da ta ƙi yarda a yanke mata ƙafa, kuma ƙafar ta tsira. Na biyu, a ciro wata jijiya daga jikin majinyacin a yi wa jinin sabuwar hanya ta kewaye toshewar, aikin da likita Jean Kunlin ya fara a Faransa a 1948. Yanke ƙafa shi ne mataki na ƙarshe, idan nama ya riga ya mutu ko ruɓa tana barazana ga rai. Irin waɗannan ayyuka sai a asibitocin ƙwararru, don haka majinyaci ya karɓi takardar turawa da muhimmanci.

Kula da ƙafa a gida

Ƙafar da ba ta samun isasshen jini ba ta jure rauni, komai ƙanƙantarsa. Don haka muna ba da shawara kamar haka:
- a duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu kullum, wanda ba ya gani sosai ya sa wani ya duba masa;
- a tsane tsakanin yatsu bayan wanka ko alwala, a shafa mai a diddige don kada ya yi faso;
- kada a yi tafiya ba takalmi, kuma a kakkaɓe cikin takalmi kafin a sa;
- lokacin hunturu a sa safa mai taushi, kada a kusantar da ƙafa ga kaskon wuta ko a tsoma ta cikin ruwan zafi;
- kada a yi wa ƙafar tsaga ko ƙaho ko sakiya, kada kuma a fere kanta da reza;
- kada a ɗaure ta da bandeji ko safa mai matsewa sai da izinin likita.

Kira ga jama'a

Muna kira ga duk wanda ya haura shekara 50 kuma yana da ciwon suga ko hawan jini, ko ya taɓa shan taba, ya nemi a duba masa ƙafafu duk lokacin da ya je asibiti, aƙalla sau ɗaya a shekara. Haka nan muna roƙon 'ya'ya da jikoki su lura da iyayensu: dattijon da ya rage fita, ko yake yawan tsayawa a hanya, ko yake kwana a zaune saboda ciwon ƙafa, a kai shi asibiti mafi kusa tun kafin gyambo ya fito.